Rediyon Al'umma: Namu Ne, Ko Dominmu Aka Yi?

Tun da na yi wayo na tarar da akwatin rediyo a gidanmu, kamar yadda na tarar da turmi da randa. Na kakana ne, Allah ya jiƙansa. Wani tsohon akwati ne baƙi mai cin batir huɗu, wanda dukawa suka ɗinka wa riga ta jar fata da maratayi, domin duk inda tsohon zai sa ƙafa da shi yake tafiya, ko gona, ko kasuwar Shuwarin, ko zaman makoki. Ƙauyenmu yana tsakanin Kiyawa da Jahun ne, a tsakiyar Jihar Jigawa, ba nisa ƙwarai da Dutse. A lokacin ba mu da wutar lantarki, jarida kuwa ba ma ganinta sai in wani ya ƙunso tsire a cikinta daga birni. Saboda haka kusan duk abin da muka sani game da duniyar da ke bayan gonakinmu, daga bakin wannan akwati muka ji shi. A cikinsa kakana ya ji sanarwar ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, ya kuwa sha ba mu labarin yadda ya tashi ba ko takalmi ya tafi ya gaya wa mai unguwa. Yana da wata ɗabi'a da ke ba mu dariya muna yara. In mai magana a rediyo ya faɗi abin da bai gamshe shi ba, sai ya dubi akwatin ya ce, "Kai, faɗi gaskiya dai!" Mu kuwa mu yi ta ƙyalƙyatawa, don mun san akwati ba ya ji.

Manufata a cikin wannan ɗan rubutu ita ce in ba malamaina da 'yan'uwana ɗalibai labarin wani abu da ya faru da ni kafin in zo jami'a, wanda ya sa na soma yi wa kaina tambaya game da kalmomin nan biyu da muke ji kullum, watau "rediyon al'umma". Tambayar kuwa ita ce, mutanen da ake cewa gidan rediyo nasu ne, wane iko suke da shi a kansa? In an yi musu ba daidai ba, wa za su tuhuma, kuma wa ya wajaba ya ba su amsa? A cikin labarin akwai inda ni kaina ban fita kunya ba, zan kuwa faɗe shi in an zo wurin.

Mu da akwatin rediyo

Sanin kowa ne cewa Bahaushe ya daɗe da ƙulla zumunci da rediyo. A shekarar 1944 aka buɗe tashar rediyo mai waya a Kano, irin wadda ake ja wa mutum waya har gidansa a maƙala masa akwati a bango, abin da aka aiko masa shi zai ji. Sashen Hausa na BBC ya soma watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna na gwamnatin Jihar Arewa kuma ya buɗe a 1962, zamanin Sardauna Ahmadu Bello. Sai dai tun da wuri Bahaushe bai yarda ya zama kunne kurum ba, ya nemi hanyar da shi ma za a ji shi. Shirin Zaɓi Sonka na gidan rediyon Kaduna ya haɗa ɗimbin mutane da ke sayen kati suna aika wa juna gaisuwa, har suka kakkafa ƙungiyoyi, suka san sunayen juna tun ba su taɓa haɗuwa ba, daga baya suka shiga halartar bukukuwan juna. Da wayar hannu ta shigo ƙasar nan a 2001, sai kati ya fara ja da baya, bugo waya ya maye gurbinsa.

Mu da muka taso bayan an yi jiha, mun tarar da tashoshi a kusa da mu. Akwai gidan rediyon Jigawa na gwamnatin jiha, da tashar FM ta Andaza a ƙasar Kiyawa, da Horizon FM ta gwamnatin tarayya a Dutse, da Freedom Radio mai zaman kanta, ban da tashoshin Kano da muke kamawa tangaran. Gwamnatin jiha ta kuma kafa ƙananan tashoshin FM a garuruwa irin su Haɗeja da Kazaure da Birnin Kudu, a ƙarƙashin hukumar gidan rediyonta, aka riƙa kiransu tashoshin al'umma. Lalle wannan ci gaba ne. Mutum yana kwance a ɗakinsa zai ji sanarwar ɗaurin auren ƙauyen da ke maƙwabtaka da shi, ko cigiyar saniyar da ta ɓace, da irin Hausar da shi ma yake yi.

Bayan na gama sakandare na yi 'yan shekaru a gida, a nan ne na shiga ƙungiyar masu sauraron rediyo ta ƙauyenmu. Mu arba'in da uku ne, maza da mata, akwai manoma da tela da masu sana'ar ƙuli-ƙuli da 'yan acaɓa. Kowace Juma'a kowa yakan zuba naira 100, da ita muke sayen katin waya na bugawa cikin shirye-shirye, mu duba wanda ba shi da lafiya, mu yi gudummawar biki. Da yake ina da ɗan ilmin boko sai aka naɗa ni magatakarda. Da ma'ajinmu ya tafi ci-rani kudu bai dawo da wuri ba, sai aka ce in riƙe jakar kuɗin ita ma kafin ya dawo.

Ranar da muka je tambaya

A cikin duk shirye-shiryen da muke bi, babu wanda ya kai mana wani shirin manoma da wata tasha ke yi sau biyu a mako bayan sallar isha'i. Ba zan ambaci sunan tashar ba, domin abin da zan faɗa bai tsaya a kanta ita kaɗai ba. A cikin shirin akan gayyato malamin gona ya yi bayanin irin da ya dace da ƙasarmu, da lokacin zuba taki, da maganin tsutsa, sa'an nan a karanto farashin gero da riɗi da zoɓo a kasuwanni. Ga wanda dillali ke zuwa har ƙofar gida ya taya masa buhu, sanin farashin kasuwa ba ƙaramin makami ba ne.

A daminar 2022, shekarar da ambaliya ta yi mummunar ɓarna a sassa da yawa na Jihar Jigawa, muka kunna akwati a daren shirin sai muka ji kiɗan siyasa. An sa wani shiri na sojojin baka, wannan ya yabi ubangidansa, wancan ya zagi na wani, domin zaɓen 2023 ya ƙarato. Muka ɗauka na dare ɗaya ne. Mako ya wuce, wani ya bi bayansa, ruwa yana cin gonakin fadama, mutane suna neman wanda zai gaya musu abin da za su iya shukawa in ruwan ya janye, babu shiri babu bayani. Da abin ya kai mako shida, ƙungiya ta tashi mutum huɗu su je su ji dalili: shugabanmu, da wani baffana dattijo, da wata gwaggo mai ƙuli-ƙuli wadda ba a taɓa yin taro ba ta zo ba, da ni mai riƙe da alƙalami.

Gaskiya an karɓe mu da mutunci. Wani jami'i ya shigar da mu ofishinsa, ya sa aka kawo mana ruwan sanyi. Bayan an gaisa baffana ya ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ne a kan shirin nan na manoma. Mako shida ke nan ba mu ji shi ba. Lafiya dai ko?"

Jami'in ya ce, "Lafiya lau, Baba. Ai ba soke shi aka yi ba, ɗage shi aka yi. Kun san halin da ake ciki, man dizal ya yi tsada, injinmu kuwa ba ruwa yake sha ba. Filin nan wasu ne suka saya, sun biya na watanni. Shirin noma kuwa ba shi da mai ɗaukar nauyi."

Gwaggo ta gyara mayafi ta ce, "To ɗana, wa ya yanke cewa a sayar? Shi muke so mu gani."

Ya yi murmushi ya ce, "Inna, ai wannan magana ce ta sama. Ku dai rubuto takarda, za a duba."

Ta ce, "Wannan saman, ta ina ake shigarta?"

Aka yi dariya, aka rako mu har bakin ƙofa. A daren nan aka karanto sunayenmu ɗaya bayan ɗaya a rediyo, aka ce ana gaida manyan masu sauraro da suka kawo ziyarar zumunci. Da gari ya waye mutane suka yi ta zuwa yi mana barka. Baffana dai ya girgiza kai ya ce, "Mun tafi neman shirin noma, an sallame mu da gaisuwa, ga shi har muna godiya."

Ban riƙe jami'in nan a zuciya ba. Bai yi mana ƙarya ba, don kuwa a shekarar kuɗin man dizal ya ninka, kuma masu iya magana sun ce kowa ya ci ladan kuturu tilas ya yi masa aski. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a duk tsarin gidan babu wata ƙofa da aka tanada domin irinmu. Muna da ikon bugo waya mu yi gaisuwa, muna da ikon faɗin ra'ayi na minti ɗaya kafin a katse layi. Ikon tambayar yadda aka yi da lokaci da kuɗi kuwa, da ikon sauya wanda ya yi ba daidai ba, ba mu da ko ɗaya.

Ɗan harafin da ke tsakani

Sai da na zo jami'a na zauna a ajin nahawu na sami bakin zaren abin da ke damuna. Malaminmu yana bayanin nasaba, watau ɗan harafin nan -n ko -r da ke haɗa suna da suna, sai ya nuna mana cewa ba kullum yake nufin mallaka ba. In na ce gonar kakana, kowa ya san tasa ce, shi ke cewa a shuka gero ko gyaɗa, shi ke ba da aronta, shi ke karɓewa. In kuwa na ce abincin kaji, ba wanda zai ce kaji ne suka mallaki dusar, balle su yanke yawan da za a zuba musu. Dominsu aka tanada, amma iko yana hannun mai kaji. To, "rediyon al'umma" yana iya zama irin gonar kakana, yana kuma iya zama irin abincin kaji, harafin bai bambance ba. Tsarin mulkin gidan ne kaɗai zai bambance.

Tarihin dokokin ƙasar nan ya nuna dalilin da ya sa muka fi sabawa da ma'ana ta biyu. Shekara da shekaru gwamnati kaɗai ke da gidan rediyo a Nijeriya. Sai a 1992, zamanin Janar Ibrahim Babangida, dokar soja mai lamba 38 ta kafa hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, ta kuma buɗe wa 'yan kasuwa ƙofa. Raypower ta soma aiki a Legas a 1994, Freedom Radio kuma ta buɗe a Kano a 2003. Aka sami rukuni biyu ke nan, na gwamnati da na 'yan kasuwa. A 2001 aka yi wani taro a birnin Windhoek na ƙasar Namibiya, aka fitar da yarjejeniyar watsa shirye-shirye ta Afirka, wadda ta ce a kowace ƙasa ya kamata a sami rukuni na uku, watau tashoshin da al'umma da kanta ta mallaka take kuma gudanarwa, ba don riba ba. A nan gida ƙungiyoyi sun yi fiye da shekara goma suna fafutuka kafin a watan Mayu na 2015, a ƙarshen mulkin Shugaba Goodluck Jonathan, a amince da ba al'ummomi 17 lasisi. Tashar Lavun da ke Kutigi a Jihar Neja tana cikinsu. Ƙa'idojin hukumar sun tanadi cewa irin wannan tasha ta zama mallakar jama'ar da take yi wa aiki ta hannun amintattu, doka kuma ta hana ba jam'iyyar siyasa ko ƙungiyar addini lasisi. Ashe dai ko a takarda, ƙanƙantar tasha ko kusancinta da ƙauye ba su isa su mai da ita ta al'umma ba. Wanda ya naɗa shugabanninta, wanda kuma suke jin tsoron tambayarsa, shi ne mai ita.

Yadda wasu suka yi

Ba sai mun yi nisa ba za mu ga misali. A Jamhuriyar Nijar an kafa ƙungiyar kulob-kulob na masu sauraron rediyo tun 1962. Akan tara mutanen gari su saurari shiri tare, da Hausa ko da Zabarmanci, su tattauna a kansa, jagoransu ya ɗauki muryoyinsu a rikoda ya aika Yamai, a sa a cikin shiri na gaba. Wannan ya ba manomi murya tun kafin a san wayar hannu, ko da yake tashar ta gwamnati ce. A 1999 kuma aka buɗe tashar ƙauye a Bankilare, a yammacin ƙasar, mai aiki da hasken rana, wadda ƙungiyar mutanen garin ke gudanarwa, daga nan irinta suka bazu har suka haura ɗari. Maƙwabtanmu sun riga mu da shekara 16 ke nan.

A ƙasar Bolibiya ta Kudancin Amurka, tun daga ƙarshen shekarun 1940 masu haƙar ma'adinai suka riƙa yankar wani abu daga ladansu suna kafa tashoshin kansu a ƙarƙashin ƙungiyoyinsu na ƙwadago. Da sojoji suka yi juyin mulki a 1980 suka rufe bakin kafofin labarai na birane, waɗannan tashoshi ne suka ci gaba da magana har sai da aka kai musu sojoji. Mutanen sun tsaya musu ne domin da guminsu aka gina su.

Misalin da ya fi ba ni abin tunani shi ne na Amurka. A 1949 wani mutum mai suna Lewis Hill da abokansa suka buɗe tashar KPFA a garin Berkeley na Jihar Kalifoniya, a ƙarƙashin gidauniyar Pacifica, bisa niyyar cewa masu sauraro ne za su riƙa ɗaukar nauyinta da gudummawarsu maimakon masu talla. Shekara hamsin ana haka, masu sauraro suna biya, amma ba su ke zaɓen hukumar gudanarwa ba. A 1999 rikici ya ɓarke tsakanin hukumar da ma'aikata, har aka kulle tashar aka hana ma'aikata shiga. Dubban masu sauraro suka fito kan titi, aka shiga kotu. Sakamakon haka a 2003 aka yi sabon tsarin mulki, wanda ya ba duk mai sauraron da ya ba da dala 25 a shekara, ko ya yi aikin sa kai na awa uku, ikon jefa ƙuri'a a zaɓen wakilan tasharsa. Da na fara karanta wannan labari sai na ce to, ga maganin ciwonmu. Da na ci gaba kuwa sai na tarar bayan an sami ƙuri'ar, mafi yawan mambobi ba sa damuwa su jefa ta, waɗanda suka damu kuma suka rabu ɓangare-ɓangare, aka yi ta shari'a da juna, bashi ya yi wa gidauniyar katutu. Wannan bai ba ni mamaki ƙwarai ba, domin na riga na ga ƙaramin irinsa a ƙauyenmu, kuma da hannuna a ciki.

Laifi tudu ne

A taronmu na farko bayan mun dawo daga waccan tafiya, na miƙe na yi dogon jawabi a kan yadda gidajen rediyo ba sa ba kowa bahasi. Na yi zafi sosai, aka yi ta tafa mini. Da na zauna sai gwaggon nan ta dube ni ta ce, "Ɗan nan, maganarka ta yi kyau. To kuɗin da muke zubawa duk Juma'a, yanzu nawa suka taru?"

Wuri ya yi tsit. Wata goma sha ɗaya ina riƙe da jakar, ban taɓa karanta wa kowa lissafi ba, ba wanda kuma ya taɓa tambayata. Abin da ya fi muni, a farkon shekarar na ɗauki naira 7,000 daga ciki na yi rajistar jarrabawar shiga jami'a, da niyyar in mayar in an yi kaka, ban gaya wa kowa ba. A raina ban ɗauke shi sata ba, aro na ɗauke shi. Amma aron da mai abu bai sani ba, ai sunansa daban. Ni da na je birni ina neman a nuna mini ƙofar sama, ashe a tawa 'yar ƙaramar saman ma ban bar ƙofa ba. Na faɗi gaskiya a gaban jama'a, muryata tana rawa, baffana ya sunkuyar da kai. A makon nan na kai akuyar da mahaifiyata ta ba ni kiwo kasuwa, na mayar da kuɗin.

Gwaggo ba ta nemi a kore ni ba. Cewa ta yi gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, laifin kuma har da su da suka yi wata goma sha ɗaya ba su tambaya ba. Daga ranar aka kafa doka uku: magatakarda ba zai riƙe kuɗi ba, za a karanta lissafi a bainar jama'a a ƙarshen kowane wata, za a kuma yi zaɓen shugabanni shekara-shekara. Kowa ya yi na'am. Amma ranar karatun lissafi na farko mutum goma sha biyu ne suka zo daga cikin arba'in da uku, alhali ranar da za a tattara sunayen da za a gaisar a rediyo ba a samun wurin zama. Da zaɓe ya zo kuma, sai ya faɗo daidai da zafin siyasar 2023, ƙungiya ta rabu gida biyu bisa jam'iyya, waɗanda ɗan takararsu ya faɗi mutum tara suka daina zuwa. A nan na gane cewa riƙe ikon ma aiki ne mai gajiyarwa, kuma da yawanmu mun fi son a ambaci sunanmu a kan a ɗora mana nauyin duba littafin kuɗi.

Abin da nake gani

Duk da haka ban sauya ra'ayi ba. Ƙungiyarmu ta ragu, amma tun daga lokacin ko kwabo bai sake ɓacewa ba, domin mai riƙe da jaka ya san ƙarshen wata na zuwa. Mutum goma sha biyu masu tambaya sun isa su tsare amanar mutum arba'in. Saboda haka in Allah ya nufi mutanen Dutse ko Kiyawa ko Jahun da neman lasisin tashar kansu, ga abin da nake ganin ya kamata a rubuta tun kafin a sayi eriya.

Da farko a yi rajistar mambobi, kowa ya riƙa ba da ɗan abin da aka yanka a shekara, wanda ba shi da kuɗi a karɓi tiyar gero da kaka ko aikin ƙarfi, domin kada talauci ya hana mutum ƙuri'a. Tashar da attajiri ɗaya ko ɗan siyasa ɗaya ke saya wa mai, tasa ce ko da me aka rubuta a allon ƙofarta. Na biyu, mambobi su zaɓi kwamitin amintattu mai wa'adi, a keɓe kujeru domin mata da Fulani makiyaya da matasa da masu lalurar nakasa, a kuma hana mai riƙe da muƙamin jam'iyya tsayawa. Sarakunanmu iyayen ƙasa ne, a ba su girmansu na iyaye masu sulhu, amma kada a ɗora musu sa hannu a takardar kuɗi, domin a al'adarmu da wuya talaka ya iya tuhumar hakimi a gaban jama'a. Na uku, a riƙa karanta lissafin shiga da fita a cikin rediyon kansa, da Hausa da Fulatanci, yadda wanda bai iya karatu ba da matar da ba ta fita za su ji. Na huɗu, a yanka iyakar filin da za a iya sayarwa, a riƙa faɗin sunan wanda ya saya, kuma kada a ɗauke wani shiri sai an yi sanarwa an saurari masu ƙorafi.

Ko tashoshin gwamnati ma ba abin da zai hana su ɗaukar wani abu daga cikin wannan, tun da da dukiyar jama'a ake gudanar da su. Majalisar masu sauraro da za ta zauna sau biyu a shekara, shugaban gida ya zo da kansa ya amsa tambaya a kuma watsa zaman kai tsaye, ba za ta ci kuɗin man dizal na mako guda ba. Haka nan tashoshin jami'o'i, waɗanda ake lissafawa cikin rukunin al'umma, ya kamata mu ɗalibai mu tambayi kanmu ko muna da wakilci a cikin masu tsara su.

Na san wani zai ce mutanen karkara ba su waye da irin wannan ba. Ni kuwa ina ganin mai faɗin haka bai zauna da su ba. Matan da ke gudanar da adashi shekara da shekaru ba tare da takarda ba sun san lissafi, manoman da ke tsara gayya sun san rabon aiki, kuma ƙasar da jam'iyyar NEPU ta Malam Aminu Kano ta yi ƙarfi a cikinta tun shekarun 1950 ba baƙuwar tuhumar masu iko ba ce. Ni da na yi sakandare ban tuna da lissafi ba, mai ƙuli-ƙuli ce ta tuna mini. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shirin manoman nan ya dawo bayan an gama zaɓe, a wani lokaci daban, ba tare da sanarwa ba, kamar dai yadda ya tafi. Mun yi murna, amma baffana ya ce abin da ya dawo ba da izininka ba, ba zai nemi izininka ba ranar da zai sake tafiya. Akwatin kakana kuwa yana nan a ɗakina na makaranta, rigar fatar ta tsattsage amma yana kamawa. Wani lokaci ina saurare sai in ji kaina na ce masa, "Kai, faɗi gaskiya dai!" Abokan kwanana su yi dariya kamar yadda muke yi wa tsohon. Fatana shi ne 'ya'yanmu su tarar da gidan rediyon da in mai sauraro ya faɗi haka, akwai ranar taro da wurin zama inda tilas wani ya miƙe ya ba shi amsa.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Inda na yi kuskure ina roƙon malamaina su gyara mini, 'yan'uwana ɗalibai kuma, musamman waɗanda suka fito daga inda aka gwada irin wannan tasha, ina fata za su faɗa mana yadda abin yake a wurinsu a fitowa ta gaba.